Shekarata 34, 'ya'yana huɗu, ina son karatun nas a jami'a, na makara ne?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 34, 'ya'yana huɗu, autan yana da shekara uku. Na gama sakandare a 2008 aka yi min aure, ina da kiredit a Turanci da lissafi da Bayoloji, Kemistiri D7, Fizis kuwa F9. Tun ina yarinya nake son aikin nas, yanzu ma ina taya wani ɗan uwan mijina zaman kemis da rana. Maigida ya ce ya yarda in koma karatu amma kar ya ga wani abu ya canza a gidansa, surukata kuma ta ce karatun me da tsufa. Ƙawata ta ce in sayi fom ɗin JAMB bana kawai, akwai santar da ake biya a yi wa mutum komai a NECO, wata kuma ta ce in je wani asibitin kuɗi wata shida su koya min allura su ba ni satifiket. Ni dai digiri nake so a jami'a. Na makara ne? Ta ina zan fara? Daga 'yar uwarku a Kano.

Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya raya miki zuri'a.

Baki makara ba. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, balle ke da ko gemun baki da shi. JAMB ƙaramar shekara kawai ta kafa, wato 16, bata ce daga shekara kaza an rufe ƙofa ba, sakamakonki na 2008 kuma bai ruɓe ba yana nan da ƙarfinsa. Abun da zaki kula da shi kawai, wasu makarantun jinya suna saka iyakar shekaru a tallarsu ta ɗaukar ɗalibai, dan haka kafin ki biya ko sisi ki karanta tallar makarantar da idonki tun daga sama har ƙasa, kar ki tsaya kan wance ta ce.

Amma zan faɗa miki abun da bazaki so ji ba, kar ki sayi fom ɗin JAMB bana. Matsalarki ba shekaru bace, matsalarki Kemistiri da Fizis ne, da kuma lokacin da zaki zauna ki koye su a gidan da aka ce kar komai ya canza. Wannan biyun idan baki gyara su ba, ko an ɗauke ki an ajiye a ajin farko na jami'a, kafin shekara ta zagayo zasu dawo da ke gida, kuma a lokacin kuɗi sun tafi, surukarki ta samu abun faɗa.

Ga yanda ƙa'idar take. Digirin jinya, wanda ake kira BNSc, yana buƙatar kiredit biyar, Turanci, lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, a zaman jarabawa da bai wuce biyu ba, wasu jami'o'in ma zama ɗaya suke so ko kuma su fifita mai zama ɗaya idan masu nema sun yi yawa, kuma kullum suna da yawa. Ke kin riga kin ci zama ɗaya a 2008, kinga dole Kemistiri da Fizis su fito miki a zama ɗaya kenan, shi yasa bana son ki shiga jarabawar da wasa. WAEC tana yi wa masu zaman kansu jarabawa sau biyu a shekara, ɗaya a farkon shekara ɗaya can wajen ƙarshe, NECO ma tana da tata ta 'yan waje wajen Nuwamba zuwa Disamba. Na ƙarshen shekara zaki nufa, ki samu watanni masu yawa a gabanki. Kuma shawarata ki karanta dukka biyar ɗin da gaske, ba biyun da kika faɗi kaɗai ba, saboda idan Allah ya sa kika ci biyar ɗin a takarda ɗaya kin rufe bakin kowace makaranta, sannan JAMB ɗin ma Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fizis zata tambaye ki, karatu ɗaya ne yake miki aiki biyu.

Toh maganar santar da ake biya a yi wa mutum komai. Bazan tsaya ina miki wa'azi a kan haramcinsa ba, kin fi ni sani, kuma kin san ana riƙe sakamakon santa guda idan aka kama su, mai laifi da marar laifi duk su tafi tare. Bari in nuna miki ta ɓangaren aikin da kike so ɗin. Tunda kina zaman kemis, ɗauko kwalbar farasitamol na yara ki duba jikinta, zaki ga an rubuta 120mg a cikin 5ml. An kawo yaro mai nauyin kilo 12, likita ya rubuta a ba shi 15mg a kan kowane kilo. Nawa zaki zuba a cokalin awo? 12 sau 15 ya ba ki 180mg, tunda 120 yana cikin 5ml to 180 yana cikin 7.5ml. Ko kuma a ce miki ledar ruwa mai 500ml ta shige cikin awa huɗu, layin ƙarin ruwan da ke hannunki ɗigo 20 ne yake ba da 1ml, ɗigo nawa zaki saita a minti ɗaya? 500 sau 20 dubu goma kenan, ki raba da minti 240, wajen ɗigo 42 a minti. Wannan lissafin ƙarfe biyun dare zaki yi shi, kina tsaye a bakin gado, uwar yaro tana kallon hannunki, babu mai santa a kusa da zai miƙo miki amsa ta taga. Ruwan gishirin da ake ƙarawa mutane da aka rubuta 0.9% a jikinsa, ma'anarsa giram 9 na gishiri a lita ɗaya, Kemistiri ne tsagwaronsa. Awon hawan jini da kike gani 120 bisa 80, awon matsi ne, Fizis ne. Kinga kenan wanda ya saya miki kiredit bai taimake ki da komai ba, bashi ya ɗora miki da zaki biya a kan marar lafiya.

Asibitin wata shida kuwa ki manta da shi gaba ɗaya. Hukumar da take ba nas da ungozoma lasisi a ƙasar nan, NMCN, bata san wannan satifiket ɗin ba, ba zai kai ki aikin gwamnati ba, ba zai rage miki ko kwana ɗaya a jami'a ba, kuma ranar da allura ta yi gardama mai asibitin zai ce bai san ki ba. Mata da yawa sun ɓata shekaru a haka suna sa fararen kaya ana ce musu nas a unguwa, albashi bai kai kuɗin cefane ba, daga baya su dawo suna neman hanyar da tun farko ita ya kamata su bi. Kuma dai tunda maganar ta zo, a kemis ɗin nan dan Allah ki tsaya iya miƙa magani da karɓar kuɗi, kar son aikin ya ja ki ki fara yi wa mutane allura.

Yanzu yanda zaki fara. Wannan satin, ba wata mai zuwa ba, ki samo tsofaffin tambayoyin JAMB na Kemistiri da Fizis da Bayoloji, ki ɗauki guda 40 a kowanne, ki zauna ke kaɗai ki amsa ba tare da leƙen amsa ba, ki rubuta abun da kika ci a bayan littafi da kwanan wata. Zai yi muni, kar ki tsorata, wanda ya bar aji tun 2008 dole ya yi muni. Amfaninsa ki san inda kike tsaye, kuma bayan wata uku idan kika sake ki ga bambanci da idonki, dan babba yana saurin karaya idan baya ganin yana matsawa.

Daga nan ki sauka ƙasa, har ƙasa sosai. Manyan da suka dawo karatu kuskuren da suke yawan yi shi ne su ɗauko littafin aji shida na sakandare su fara hadda saboda kunyar a gan su da littafin yara. Ke fara da lissafin ƙaramar sakandare, kaso, ɗigo, kashi cikin ɗari, canza giram zuwa miligiram, yanda ake juya lissafi a fitar da abun da ba a sani ba. Yawancin masu cewa Fizis ta gagare su ba Fizis ɗin bace, wannan ƙaramin lissafin ne yake kayar da su. Idan babban ɗanki ko babbar 'yarki tana sakandare, wallahi kin samu malami a gida kyauta, ki ajiye girma ki ce zo ki nuna min, yara suna jin daɗin haka fiye da yanda kike tsammani. Bayan wata ɗaya ko biyu a nan sai ki hau Kemistiri daga aji huɗu, teburin sinadarai, yanda ake daidaita haɗi, lissafin mol, asid da kishiyarsa. Manhajar JAMB kyauta take a shafinsu na intanet, ki sa a buga miki ita a takarda ki liƙa a bango, duk abun da kika gama ki ja masa layi.

Kemistiri da Fizis kam ki nemi malami na gaske, ko lesin ɗin yamma na masu shirin jarabawa, ko wata malamar sakandare a unguwarku ku haɗu ku uku ko huɗu ku dinga biyanta. Bidiyon YouTube yana taimakawa amma baya tambayarki kin gane, malami shi zai kalli fuskarki ya san kin ɓata. Ki kuma leƙa ofishin hukumar ilimin manya ta jiha, a Kano tun 1980 aka kafa ta zamanin gwamna Abubakar Rimi, suna da azuzuwan mata, ki tambaya ko akwai na masu gyaran takardar sakandare kusa da ke. Kuma kar ki ga kamar shekarar share fagen nan ni na ƙirƙiro ta dan in ja miki rai. Shirin W4H na samar da mata ma'aikatan lafiya, da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, abun da ya yi kenan, ya ɗebo mata daga karkara, cikinsu har da matan aure masu goyo, ya ba su karatun share fage a kan waɗannan darussan kafin su nemi makarantun jinya da ungozoma, saboda an gane ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, tushe ne babu.

Turancinki ma kar ki ce ai ina da kiredit. Karatun jinya duk da Turanci ne, littattafan manya ne masu kauri, kuma abun da yake wahalar da wanda ya daɗe baya karatu shi ne saurin karantawa. Kullum shafi biyu ko uku na littafin Bayoloji, ki karanta da ƙarfi, ki rufe, ki faɗa wa kanki da Hausa abun da kika fahimta. Idan kika iya bayyana yanda jini yake zagaya jiki da Hausa ga 'yarki har ta gane, toh kin iya shi.

JAMB kuma jarabawar kwamfuta ce, tambaya 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, maki 400 gaba ɗaya. Ki raba ki gani, daƙiƙa 40 ce take zuwa wa kowace tambaya. Matar da ta san amsa amma hannunta yana rawa a kan kwamfuta lokaci zai cinye ta. Ba wani abu bane mai wuya, A B C D ne na zaɓen amsa, N ki wuce gaba, P ki dawo baya, amma sai hannu ya saba. Ki dinga zuwa kafe ko santar gwaji lokaci lokaci, kuma idan kin zo rajista ki zaɓi yin jarabawar gwaji da JAMB ɗin take shiryawa kafin ta gasken. Sannan ki sa a ranki ƙaramin makin da ake sanarwa a rediyo ba da 'yan jinya ake ba, kwas ne da ake turereniya a kansa, kowace makaranta NMCN ta ƙayyade mata adadin da zata ɗauka, dan haka ki nufi sama da 250, ki kuma shirya wa tantancewar da jami'a take yi bayan JAMB.

Wani abu da yake kayar da matan aure musamman, kuma ba a faɗa musu sai sun je bakin kanta, shi ne suna. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Idan a takardar 2008 sunan babanki ne, a NIN kuma kin sa sunan maigida, ko ranar haihuwa ta bambanta, ki fara gyara wannan tun yanzu dan yana cin lokaci. Kuma duk wanda ya ce miki ki rage shekaru ki ce masa a'a, takardarki ta sakandare zata tona ki, kuma babu ma abun da ragin zai ƙara miki.

Sai maganar jami'a ko ba jami'a ba, nan nake so ki nutsu. BUK tana da sashen jinya, ABU Zariya tana da shi, haka Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri. Shekara biyar ne, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, bautar ƙasa kuwa tunda zaki gama kin haura 30 takardar yafewa zasu ba ki. Biyar ɗin ma idan babu yajin aiki kenan, kin dai tuna 2022 da ASUU ta rufe jami'o'i wata takwas. Idan kika yi shiri shekara ɗaya kika shiga kina 36, zaki fito kina 41 ko 42, kina da kusan shekara 18 kafin 60 da aka saba yin ritaya a aikin gwamnati, kuma nas bata rasa aiki bayan ritaya. Lissafin bai ɓaci ba ko kaɗan. Amma akwai kwalejojin jinya da yanzu da yawansu sun koma tsarin ND da HND na shekara huɗu, su ma ta JAMB ake shiga, kiredit biyar ɗin nan dai suke nema, kuma lasisin da zaki fito da shi na NMCN ɗin ne dai. Wadda ta samu lasisin RN, wato na nas mai rajista, tana iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu, ko ta yi digirin a NOUN, jami'ar karatu daga gida, tana aiki tana karatu, dan ita NOUN masu lasisi kawai take ɗauka a jinya, ba masu farawa ba. Ni da ni ce ke, zan sa jami'a a zaɓin farko tunda ita zuciyarki take so, in sa kwalejin jinya ta garinku a baya, duk wadda ta buɗe in shige ban tsaya jiran shekara ta gaba ba. Mai shekara 18 tana iya zaman jiran BUK shekara uku, ke baki da wannan sararin. Kowace makaranta kuma, musamman masu zaman kansu da suke ta ɓullowa yanzu, ki tabbatar sunanta yana cikin jerin waɗanda NMCN ta amince da su kafin ki biya, ginin bene da farin fenti ba shi ne amincewa ba.

Toh sai maigida. Maganarsa ta cewa kar komai ya canza, ki yi haƙuri, ba zata yiwu ba, kuma gara ya ji haka daga bakinki yanzu da ya gano da kansa kina aji uku. Karatun jinya na cikakken lokaci ne, babu na Asabar da Lahadi ga mai farawa. Akwai lakcar ƙarfe takwas na safe, akwai fostin a asibiti, akwai kwanan aiki, akwai lokacin da za a tura ku ƙauye ko asibitin masu taɓin hankali na makonni, akwai ranar da a ɗakin maza za a ajiye ki ki wanke ciwon namiji. Ki samu lokacin da yake cikin nishaɗi, ba yana shigowa a gajiye ba, ki jera masa waɗannan ɗaya bayan ɗaya ba tare da kin ɓoye ko ɗaya ba, sannan ki zo masa da tsarinki a hannu, wa zai kai yara makaranta, wa zai riƙe autan, abincin rana ya za a yi, ko akwai ƙanwa ko 'yar uwa da zata dawo gidan. Namiji idan aka kawo masa matsala haɗe da mafita ya fi saurin sauka. Kuma shekarar shirin nan ita ce gwajinku ku duka, idan gidan ya kasa ba ki awa biyu a rana, ɗaya bayan asuba kafin yara su tashi ɗaya bayan isha'i, toh kin san akwai sauran zama kafin a yi maganar shekara biyar. Idan da hali ki sa ya faɗi yardarsa a gaban wani babba da yake jin nauyinsa, ba dan rashin yarda ba, sai dan ranar da gajiya ta zo a samu mai tuna masa.

Hajiya kuma kar ki yi musu da ita ko sau ɗaya, kar ma ki ce zaki fahimtar da ita da hujja. Ɗanta ne zai yi mata magana ba ke ba. Ke naki gaisuwa da ɗan abun hannu da neman albarka, ki ce Hajiya a sa mana albarka a karatun nan. Yawancin iyayenmu da suke cewa karatun me, su ne kuma idan an je asibiti suke cewa a nemo musu mace ta duba su, wannan maganar ki bar wa maigida ya faɗa mata da bakinsa a lokacin da ya ga ya dace.

Kuɗi kuma ki fara tarawa daga yau, ko adashi ne ki shiga da abun da kike samu a kemis, saboda kafin ma a kai ga kuɗin makaranta akwai na lesin, na rajistar jarabawa biyu, na littattafai da na mota. Idan kin samu gurbi a makarantar gwamnati akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, babu ruwa a kansa, ki nema, ki kuma bibiyi hukumar tallafin karatu ta jiharku. Kar dai ki sayar da kadararki tun a matakin share fage.

Idan kin yi gwajin tambaya 40 ɗin nan ki turo min makin da kika ci a kowane darasi, da awannin da kika ga zaki iya samu a rana tsakaninki da Allah ba wanda kike fata ba, sai mu tsara miki jadawalin wata uku na farko a kansu. Allah ya ba da sa'a, ki gaida yaran.